Jaririn Magini

A lungun da ke bayan ginin Sista aka tsinci Magini, da sassafe, ranar da ba a aiki. Yana kwance a bakin kwata, kansa ya fashe, ƙafarsa ta dama ta karkace tun daga ƙugu. Kusa da hannunsa ga rodi uku, sababbi fil. Ɗan Sista, wanda muke kira Mai Ƙanƙara saboda sana'arsa, shi ya yi kururuwa, shi kuma ya sa shi a motar kayansa ya kai shi asibiti. Kafin shayin safe ya huce a kofi, unguwa ta yi shari'a ta yanke hukunci: Magini ya hau satar rodi, Allah ya kama shi.

A bakin famfo na ji labarin. Wata ta ce dama ita idonsa bai taɓa kwanta mata ba. Wata ta ce ashe shi ya sa bara gugarta ta ɓace. Na dube su, rabinsu a ɗakin da hannun mutumin nan ya gina suka kwana. Amma kada ku ɗauka mugayen mutane ne. Unguwarmu ta lokacin ƙarama ce, gidaje duk ƙasa-ƙasa, in ka yi tari a wannan layin sai a yi maka sannu daga wancan. Kusancin da ke sa a kawo maka ɗauki kafin ka kira, shi ne kuma ke sa maganarka ta gama layi kafin ka wanke fuska. Ina kewarta har yau, da surutunta da komai.

Ginin Sista shi ne bene na farko da za a yi mana. Sista ta yi shekara talatin tana aikin jinya, ta ga leburori iri-iri da aka kawo a karye, masu gini suka ajiye su a ƙofar asibiti suka sulale. Don haka da ta yi ritaya ta tashi nata ginin, kafin a aza bulo ɗaya sai da ta je ta yi inshora. Ba ta yi shela ba, mu ma sai da abin ya faru muka ji. Abin da takardar ta ce ba wuya: duk ma'aikacin da ya ji ciwo yana aikin ginin nan, kamfani ne zai ɗauki jinyarsa da cin iyalinsa har ya miƙe. Yana aikin ginin, nan maganar take. Ɓarawo ba ya ciki.

*

Kwana biyu da faruwar abin, matar Magini ta shigo gidanmu da la'asar. Ba ta yi kuka ba, idon ya riga ya bushe.

"Yaya," ta ce da ni, "likitoci sun ce sai an yi aiki an sa ƙarfe a ƙugun, kuma cikin satin nan, in ba haka ba ya gama taka ƙasa. Abin da suka ambata, ko gidanmu aka sayar da mu a ciki ba zai kai ba. Mutumin inshora ya zo ya hau ginin. Gobe da yamma zai kai rahoto. Wai sawu ya nuna daga lungu ya hau."

"Shi me ya ce?"

"Bai farka ba tukuna."

"Da zai fita, me ya gaya miki?"

"Ya ce yanzu zai dawo. Shekara ashirin da shida abin da yake faɗa mini ke nan."

Maigidana yana ƙofar ɗaki yana ɗinkin takalmi, zare a baki. Gyaran takalmi ne abincinmu, amma sunan da aka san shi da shi Mai Sawu. A kiwo ya tashi, yana bin dabbar da ta ɓace kwana uku a ƙasa mai tsakuwa har ya dawo da ita. Da ya shigo gari ya zauna da allura, sai abin ya ƙaru, don babu tafin takalmi a unguwar da bai taɓa juyawa a cinyarsa ba. In akuya ta ɓace ko an haura katanga, shi ake kira. Sai dai magana ke ba shi wuya, kalma goma ta ishe shi wuni. Shi ke da ido, ni ke da baki, saboda haka duk inda za shi, da ni ake tafiya.

Ya cire zaren daga bakinsa.

"Sawu ya nuna," ya maimaita, kamar mai ɗanɗana gishiri a miya. "Wa ya nuna wa?"

Ya naɗe takalmin da ke hannunsa ya tura ƙarƙashin benci. Na san gobe ba ɗinki.

*

Da safe muka fara da Mai Shayi, don teburinsa na bakin layin, ba mai wucewa bai gani ba.

"Na gan shi mana, Malam. Gari bai gama wayewa ba ya gifta nan. Na ce Magini, ga shayi. Ya ce a'a, bari ya je ya shayar da jaririnsa tukuna." Ya sunkuyo ya rage murya, alhali duk masu zaune a benci sun ji labarin sau biyar. "Jariri fa. Autarsa tana sakandare. To jaririn wa? Ka ga mutum in yana da bakin da yake ciyarwa a ɓoye, rodi uku ma kaɗan ne."

"Kai dai bakinka ya fi butarka zafi," na ce.

"Yaya, abin da kunnena ya ji na faɗa. Allah dai ya yi wa Mai Ƙanƙara albarka. Yaron nan ana gobe abin zai faru, da yamma, ya sauke sabon firji, ƙato kamar ɗaki, ko murnarsa bai gama ba, washegari ya jiƙe motarsa da jinin ɓarawon uwarsa. Wa zai yi haka yanzu?"

Maigidana ya biya shayin da bai sha ba.

Maigadin ginin kuwa tsoho ne mai tari. Muka same shi a bakin ƙyaure yana gyara tabarmar da ba ta buƙatar gyara. Tun jiya ake raɗe-raɗin wai da shi aka haɗa baki, shi ke buɗe wa Magini. Ya ce bai ga komai ba, bai ji komai ba, Allah ne shaidarsa.

"Haba Baba," na ce, "kai da kyanwa in ta gifta sai ka yi mata gyaran murya, ƙaton mutum ya faɗo daga sama ba ka ji ba?"

Ya dubi hagu, ya dubi dama.

"'Yata, ki rufa mini asiri. Ba na nan. Yarinyata ce ta haihu a can ƙetaren gari, tun la'asar ɗin jajibirin na kulle na tafi, sai hantsi na dawo na tarar da jama'a. In Sista ta ji, aikina ya tafi."

"To wa ya buɗe wa Magini?"

"Yana da nasa makullin. Shi da ɗan gidan, kowa da nasa."

Ɗan Kwangila muka samu a ciki, yana zagaye sandunan da suka tokare rufin yana huci, don 'yan sanda sun hana aiki. Shi ma ana zarginsa. Ranar da aka zuba kankaren saman, kowa ya ji su da Magini suna musu a kan siminti, har Magini ya yar da cokalin gini ya ce ba zai sa hannu a kwaɓin da yashi ya fi yawa ba.

"Eh, mun yi faɗa," in ji Ɗan Kwangila. "Shekara goma sha biyar muna faɗa. Wai ni na turo shi? Ina garin surukaina a ranar, mutum ashirin sun gan ni. Kuma ban aiko shi ba, na gaya wa mutumin inshora, na sa hannu. Ranar hutu ce. Abin da ya kawo shi, shi ya sani."

"Yaushe aka zuba kankaren?" maigidana ya tambaya.

"Kwana biyu kafin ya faɗi."

"To."

Iyakar tambayarsa ke nan. Ɗan Kwangila ya dube ni kamar zan fassara masa, ni ma ban san komai ba.

*

Da hantsi Ɗan Inshora ya iso, saurayi mai farar riga da jakar takardu a hammata. Ba mugu ba ne. Irin yaran nan ne da aka koya wa cewa kowa so yake ya cuci kamfani, kuma sau da yawa ya ga hakan da idonsa. Ya yarda ya nuna mana abin da ya gani, yana murmushin wanda zai faranta wa tsofaffi.

Tsani na gaban ginin ne, ta cikin ƙyaure. Ranar na hau tsani na farko kuma na ƙarshe a rayuwata, ina salati a kowane taki. Da na kai sama na ɗaga kai, sai ga unguwarmu gaba ɗaya a shimfiɗe: rufin kwano mai tsatsa, shanya a kan igiyoyi, bishiyar makarantar firamare, har tukunyata da na bari a kan murhu na hango. Duk an rushe yanzu, benaye sun tsaya a wurin, ba mai hango tukunyar kowa.

Saman kankaren an shimfiɗe shi da yashi, kauri kamar yatsa biyu, ya bushe ya yi ɓawo. A tsakiya ga duro da tulin rodi. Ta baya, wajen lungu, ga gadon gini, wato sandunan da ake kafawa a jikin bango a ɗora katako magina su tsaya. Katako biyu na nan shimfiɗe, daidai da bakin kankaren.

"Ga shi, Baba," in ji Ɗan Inshora. "Sawu ɗaya ne a duk saman nan. Ya taso daga bakin lungu, yatsu na kallon rodi, har ya kai tulin. Wanda ya zo aiki ta tsani zai hau. Wannan ta baya ya hauro."

"Ina na komawa?"

"Ya bi ta gefe, inda yashi bai rufe ba. Kaya suka rinjaye shi wajen sauka. Ga katako nan daram, in aiki yake yi me zai kayar da shi?"

Maigidana ya tsuguna. Ya daɗe har na ji kunya. Ya kwantar da kumatunsa kusan a kan yashi yana kallon sawun ta gefe, ya hura iska a hankali, ya auna tsakanin taku da taku da tafin hannu.

"Takalminsa ne," ya ce. "Ni na sa facin nan na diddige."

"Ka gani ko?" Ɗan Inshora ya saki fuska.

Maigidana ya bi sawun har bakin kankaren, ya tsaya a kan biyun ƙarshe. Sannan ya miƙa hannu ya shafa katakon, ya leƙa ƙarƙashinsa. Ya ciro zaren ɗinki daga aljihu ya auna wani abu a jikin katakon, ya ƙulla zaren.

"Yaro, ƙarfe nawa za ka kai rahoton?"

"Biyar."

"Ka dawo nan ƙarfe huɗu. A kira Sista da ɗanta da sauran."

Da muka sauko ya ce da ni, "Ƙanƙara nake so."

"Kai da ko ruwan randa ke sa haƙoranka tsami?"

Muka je shagon. Mai Ƙanƙara ya yi mana maraba, idonsa ya faɗa kamar wanda bai yi barci ba, na ce a raina tausayi ne. Maigidana ya yaba sabon firjin, ya zagaye shi, ya sunkuya wai takalminsa ya kwance. Muka fito da ƙanƙara a leda, ya miƙa mini ya ce in kai wa yara.

*

Ƙarfe huɗu muka taru a filin gaban ginin. Sista ta zauna a kan bulo, bayanta a miƙe kamar tana bakin aiki, ɗanta na tsaye a bayanta. Ga Ɗan Kwangila, ga Maigadi, ga Mai Shayi da ba wanda ya gayyata. Matar Magini ta raɓe a jikina. Ɗan Inshora yana duba agogo.

Maigidana ya sa aka baza busasshen yashi a ƙasa, layi biyu. Ya jiƙa ɗaya da kansa.

"Yaro, taka wannan ka wuce."

Ɗan Inshora ya taka jiƙaƙƙen yashin ya wuce. Sawunsa ya fito tsaf, har rubutun ƙasan takalmin ana karantawa.

Sai maigidana ya miƙa wa Ɗan Kwangila bokiti da gwangwani, ya nuna masa ɗaya layin.

"A ce wannan sabon kankare ne. Ba shi ruwa."

"Ni za ka koya wa aiki, Malam?" Ya karɓa yana gunaguni. Ya je ƙarshen layin, ya juyo, ya fara yayyafa ruwa a gabansa yana ja da baya, taku gajere-gajere, ko waiwaye ba ya yi.

"Tsaya," in ji maigidana. "Me ya sa kake tafiya da baya?"

"To in taka inda na jiƙa, in kwashe yashin da ƙafa? Ai yashin shi ke riƙe wa kankare ruwa. Kowane magini haka yake..."

Ya tsaya cak, gwangwanin a hannunsa yana ɗiga.

"Ku dubi sawunsa."

Muka duba. Ɗan Kwangila ya nufo mu ne da bayansa, amma yatsun sawunsa duk can suke kallo, inda ya baro. Kuma kowane sawu ya yi ɗigo-ɗigo kamar zanzana, gefensa ya zaizaye, don a busasshen yashi aka taka sannan ruwa ya sauka a kai.

"Na sama irin wanne ne?" maigidana ya tambayi Ɗan Inshora. "Irin naka, ko irin nasa?"

Yaron ya ajiye jakarsa a ƙasa, ya hau tsani da farar rigarsa. Ya daɗe. Da ya sauko, murmushin ya tafi.

"Irin nasa ne," ya ce. "Duka, sai biyun ƙarshe na bakin lungu. Su ruwa bai taɓa su ba, kuma na ƙarshen rabin diddigen a waje yake."

"Nan bokitin Magini ya bi shi ƙasa," in ji maigidana. Ya juya ga Ɗan Kwangila. "Me Magini ke kiran sabon kankare?"

Ɗan Kwangila ya ajiye bokitin a hankali. Muryarsa ta canza.

"Jariri. Yakan ce kwana bakwai na farko in ya sha ƙishi, da rauni zai girma. Na ce masa akwai lebura da zai yi bayan hutu, ya ce jariri bai san hutu ba." Ya share fuska da hannu. "Wallahi na manta. Ni da na fi kowa sani."

Na waiwaya in ga Mai Shayi, sai na tarar yana nazarin yatsun ƙafarsa. Matar Magini ta matse hannuna har sai da ya yi zafi.

"To amma me ya kayar da shi?" in ji Ɗan Inshora. "Katakon na nan."

"Yau yana nan. Mutum ya yi sati uku yana taka katakon nan, ƙafarsa ta san wurin ko ido a rufe. Ya gama ban-ruwa, ya miƙa ƙafa baya don ya sauka a kansa ya zagayo ta gefe zuwa tsani. Ya taka iska."

Ban taɓa jin ya jera magana haka ba tun aurenmu. Ya sa Ɗan Kwangila da Maigadi suka sauko da katako ɗaya suka kwantar a gabanmu.

"Wannan ba ajiyarmu ba ce," Ɗan Kwangila ya faɗa tun kafin a tambaye shi. "An kife shi. Ga gefen da siminti ya daskare a ƙasa, mai tsabta a sama. Kuma ba a ɗaure da waya ba. Ko sabon lebura ba zai yi haka ba."

A gefen mai tsabtar akwai zane biyu dogaye, sun nutse cikin katakon, kamar an ja abu mai nauyi a kan ƙananan tayoyin ƙarfe. Maigidana ya ciro zarensa ya ɗora daga zane zuwa zane, ƙullin ya faɗa daidai.

"Na sake auna zaren nan yau a wani wuri," ya ce. "A ƙarƙashin wani firji."

Bai kalli kowa ba, ƙasa yake kallo kamar kullum. Sista ce ta juya, a hankali, ta ɗaga kai ta dubi ɗanta.

"Auta."

Kalma ɗaya. Mai Ƙanƙara ya durƙushe a kan yashin.

"Umma, aro na yi. Ba yadda za a sauke firjin daga mota, na ce in ɗauki katako biyu in maido da safe, ai ba a aiki. Da na kawo su ta lungu, sai na gan shi kwance, ga bokiti a gefe. Na ɗauka ya mutu. Na tuna mutumin nan na bayan tasha da lebura ya faɗo a gininsa, kotu ta sa aka sayar da gidan. Na ce shi ke nan, gumin Umma na shekara talatin ya tafi a kan katakona. Sai na mayar da su, na jefa bokitin a mota, na buɗe ƙyaure na ɗebo rodi a nan ƙasa. Ina ajiyewa ya yi nishi." Ya fashe da kuka. "Ban san kin yi takarda ba. Da na ji, na riga na yi ƙaryar, na rasa ta inda zan fito."

"Ban gaya maka ba don kada ka ce na yi asarar kuɗi," in ji Sista. Ta juya ga Ɗan Inshora. "Ɗana, gaya mini gaskiya. Sakacin daga gidana yake. Takardar ta mutu?"

"A'a, Mama. Ai don irin wannan sakacin aka yi ta. Ma'aikaci ne, aikin ginin yake yi, ko an aiko shi ko ba a aiko shi ba. Da an bar shi yadda aka same shi, da bokitinsa, da tun shekaranjiya an yi masa aiki." Ya ɗauki jakarsa. "Amma sai na rubuta komai: katakon, da rodin, da wanda ya ajiye su. Kuma 'yan sanda za su ga rahoton."

Maigadi ya haɗiye tarinsa. Sista ta dubi Ɗan Inshora.

"Rubuta," ta ce. "Ka sa cikakken sunansa. Ni zan raka shi ofishinsu da ƙafata. Ba ni biro in sa hannu, akwai mara lafiya yana jira."

*

Washegari aka shiga da Magini ɗakin aiki. Kwana uku bayan haka ya buɗe ido. Abin da ya faru da safiyar nan kaf ya goge daga kansa, abu na ƙarshe da ya tuna shi ne musunsu da Ɗan Kwangila a kan siminti, kuma da ya gan shi a bakin gado daga nan ya ci gaba.

Mai Ƙanƙara ya kwana biyu a hannun hukuma, aka yi masa abin da doka ta ce, uwarsa ba ta roƙi kowa ba. Da ya fito ya je asibiti ya durƙusa ya ce shi ya ɗauke katakon. Magini ya dube shi ya ce, "Yaro, gobe in za ka ari katakon magini, ka ɗaura tsumma a wurin." Mai Ƙanƙara na shirin faɗin sauran, matar Magini ta ja rigarsa ta fitar da shi.

A barandar asibitin ta tsayar da mu, ni da Sista da Ɗan Kwangila da Mai Ƙanƙara.

"Maganar katako ya ji, ta isa," ta ce. "Ta rodi kuwa, da sunan da aka kira shi, ban yarda ta shiga kunnensa ba. Ƙashi likita ya ɗora. Wancan in ya karye, ban san mai ɗora shi ba."

Na ce a raina, a unguwarmu? Inda asiri ba ya kai azahar?

To ku ji. Magini ya tashi, da sanda, ƙafa ɗaya ta ɗan gaza ɗaya. Bai sake hawa sama ba, sai dai ya zauna a kujera a gindin gini yana nuna wa yara da sandar inda bango ya karkace. Ya yi shekara goma sha tara a bayan haka. Kullum da safe yana benci wajen Mai Shayi, ana gardamar ƙwallo da tsadar siminti. Matan bakin famfo na gaishe shi har ƙasa. Yaran da aka haifa daga baya ma an ja musu kunne tun kafin su san ma'anar abin. Mutum ɗari biyu da wani abu, masu bakin da ba ya rufuwa, suka riƙe magana ɗaya shekara goma sha tara.

Ranar da ya rasu, bayan an dawo daga rakiyarsa, na ga Mai Shayi zaune shi kaɗai a bencinsa, butar ta huce. Na yi masa gaisuwa. Ya ɗago, idonsa jajir.

"Yaya," ya ce, "ban faɗa ba. Ko sau ɗaya ban faɗa ba."